Gaisuwar da Ta Cinye Lokaci

'Yan bindiga sun tare hanyar ƙauyensu Wagini, shi kuwa yana Batsari, ba damar motsi. Sai ga saƙon mahaifiyarsa ta manhajar da ya gina wa ƙauyukansu, mai mayar da murya rubutu saboda ƙarancin sabis. Makon jiya ya ƙara mata doka: duk saƙon da ya daɗe a datse shi, kada ya tare na wasu.

Ya buɗe.

"Salamu alaikum. Kun tashi lafiya? Ya iyalin? Ya aiki? Ya ruwa? Madalla. To ɗan nan, saurara da kyau, ƙanwarka..."

A ƙasa, kalmomin da shi da kansa ya zaɓa: Lokaci ya ƙare.