Babur ɗin Malamin Gona

Tunda ka ce za ka kwashe kayan aikin da ka gada ka zubar don ka sayi na zamani, gyara zama in ba ka wani misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

A wani gari akwai wasu mutane da Allah ya jarabce su da son babur. Ba 'yan acaɓa ba ne, kowa da sana'arsa, amma da zarar sanyi ya shigo, an yi hutun ƙarshen shekara, sai ka same su a garejin wani tsohon bakanike, sun hura wuta a rabin duro suna jin ɗumi, kowa ya tasa tsohon babur a gaba yana farfaɗo da shi. Matansu har sun gaji da wankin baƙin mai. A cikinsu akwai wani malamin firamare da ya turo babur ɗin mahaifinsa marigayi, wanda a da malamin gona ne, shekara ashirin yana zaga ƙauyuka a kansa. Tun rasuwar tsohon babur ɗin ke jingine a zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Yayan malamin firamaren kuwa, wanda shi ne babba a gida, ya ƙudura zai mai da zauren shago, ya kuma yanke magana: in aka koma makaranta babur bai tashi ba, 'yan gwangwan za su ɗora shi a sikeli. Abin ya yi wa malamin ciwo ƙwarai, don duk abin da ya rage masa na ubansa ke nan.

To, mutanen garejin nan suna da wata ɗabi'a. Da an kwance inji, duk abin da suka ga ya yi baƙi sai su wurga shi kan tulin ƙarafa a bayan gareji, su garzaya kasuwa su sayo sabo mai ƙyalli. A wurinsu ƙyalli shi ne lafiya. Malamin ma ya bi sahu. Ya cire kafireto, wato ɗan ƙoƙon da ke gauraya fetur da iska ya shayar da inji, ya ga ya yi dauɗa kamar gindin tukunya, ya jefar, ya ɗaura sabo. Ya sa fulogi sabo, ya fesa wa tanki jan fenti. Babur ya fito kamar ango. Aka taka, shiru. Aka tura shi daga gareji har bakin kasuwa, aka dawo da shi ana haki, ko tari bai yi ba. Kwana goma sha ɗaya ana wannan wahala, wani ya ce wuta ce, wani ya ce ringin cikin inji ne ya cinye, har da mai cewa a nemo rubutu a yayyafa masa. Saura kwana uku wa'adi ya cika, tsohon bakaniken, wanda ba ya tsoma baki sai ya ga an gaji, ya cire sabon kafireton ya auna a tafin hannu, ya ce, "Malam, wannan ai gwangwanin madara ne. Ina wanda injin ya saba da shi?"

Malamin ya wuni yana tonon tulin ƙarafa, yatsu sun ƙage don sanyi, abokai na yi masa tsiya wai ya riga 'yan gwangwan fara aiki. Da la'asar ya same shi. Ya jiƙa shi cikin kalanzir kwana biyu, ya goge da tsohon buroshin haƙori, sai ga ƙarfe mai nauyi ya fito fes, ko tsaga babu. Ashe duk ciwon wata 'yar ƙofa ce da ba ta fi idon allura ba, tsohon fetur ya bushe ya toshe ta. Da tsinken tsintsiya ya buɗe ta, ya hura, ya mayar da kafireton mazauninsa.

Ranar wa'adi da hantsi, yayan ya iso gareji, mai gwangwan na biye da shi da kura da sikeli. Sanyi ya yi sanyi, har baburan abokan nan masu sababbin kaya sai da turi suke tashi. Malamin ya yi bisimilla ya taka. Shiru. Ya sake takawa, babur ya yi tari ɗaya. A ta uku sai injin ya kama, ya saki wata ƙara mai kauri, a natse, dum-dum-dum, wadda duk garin babu mai irinta. Gareji ya kaure da sowa, masu tsiya su ne kan gaba wajen tafi. Yayan kuwa ya tsaya kamar an dasa shi. Ƙarar nan ce suke jiyowa tun daga kan kwana suna yara, su ruga a guje su buɗe wa Baba ƙofar zaure. Dattijo da furfurarsa, hawaye ya zubo masa a gaban jama'a, bai ko share ba. Ya sallami mai gwangwan, ya tattare babbar riga, ya haye bayan ƙanensa ya ce, "Kai ni gida. Shagon a gina a waje, zaure na babur ne."

Suka ratsa gari a kansa, sauran babura na biye, tsofaffi na leƙowa daga rumfuna suna tambaya ko malamin gona ne ya dawo. An ce tun daga shekarar babu wanda ya ƙara jefa wani abu bayan garejin nan sai ya wanke ya duba.

Saboda haka kafin ka kira masu sikeli, nemi kalanzir da tsinke tukuna. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.