Masauki a Kowane Gari

Jakar goyon ta fi nauyi a unguwar Woolwich ta London fiye da yadda ta yi a Napoli. Affan ya fito daga tashar jirgi bayan la'asar, kafaɗunsa sun yi tsami, ya bi ta gefen kasuwa inda masu kifi suke wanke teburansu. Bai yi sauri ba. Maganar da ya ɗauko daga Italiya ba irin wadda ake gaggawar isarwa ba ce. Ya dawo ne ya kwashe kayansa, ya bar gidan mahaifinsa gaba ɗaya.

Shi ne ɗan fari a wurin Malam Almu, mai haɗa magunguna a wani asibiti da ke kudancin London. Tun tasowarsa bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba. "Yaron nan" yake ce masa, alhali ƙannensa kowa da sunansa ake kiransa. Mahaifiyarsa, Hajiya Luba, ta sha gaya masa cewa kunyar ɗan fari ce, haka aka gada a Katsina, ita ma ai shi ya sa take ce masa Abba. Affan, wanda aka haifa a Lewisham, bai taɓa gamsuwa da wannan bayani ba.

Da ya kammala jami'a ya ce zai zaga biranen Italiya a jirgin ƙasa, daga shi sai jakarsa, Malam Almu bai hana ba, bai kuma yi tambaya ba. Hajiya Luba ce ta nemi ya faɗa mata garuruwan bi da bi. Daga baya ta ba shi lambobin wasu mutane, ta ce abokiyar aikinta Kachollom ce ta samo su.

Tafiyar ba ta yi kama da hotunan da ya gani ba. Jirage sun yi ta makara, zafi ya yi yawa, daga Firenze zuwa Roma a tsaye ya tafi, jakar tana tsakanin ƙafafunsa. Amma duk inda ya sauka, sai ya tarar da gida.

A Milano, wani dattijo mai suna Nata'ala ya gane shi a cikin cinkoson tasha tun bai ciro waya ba. A Bologna, Dalyop da matarsa Tina, Kiristoci ne 'yan Jos, suka ba shi ɗakin 'yarsu, ya tarar an riga an shimfiɗa sallaya tana fuskantar alƙibla daidai. A Napoli kuwa, Abdul-Jalil, mutumin zango daga Gana, ya janye kwanon yaji daga gabansa.

"Wannan ba naka ba ne, ɗana. Akwai gyaɗa ciki."

Gyaɗa tana toshe wa Affan numfashi tun yana ƙarami. Bai tuna ya faɗa ba, amma gajiya ta sa ya ɗauka ya faɗa ne ya manta.

A cikin jirage masu tsawon tafiya ya yi ta auna abin. Mutanen da ba su haɗa komai da shi ba sun san abin da zai cutar da shi. Mahaifinsa kuwa, wanda Hajiya Luba ta ce ya ɗauki hutun aiki a waɗannan makonni, ko sau ɗaya bai kira shi ba. Da Dalyop ya ambaci cewa ana neman ma'aikata a wurin aikinsu, kuma ɗakin yana nan idan yana so, Affan ya ce ya karɓa.

Ya yi sallama, ya shiga. Malam Almu yana zaune a falo, idanunsa a rufe, ƙafafunsa a cikin roba mai ruwan ɗumi. Ya rame, fuskarsa ta yi duhu.

"An dawo?" in ji shi, bai ɗago ba.

"An dawo."

Affan bai sauke jakar ba. Ya durƙusa kamar yadda aka koya masa, ya tattaro Hausarsa da ƙyar. Ya ce ya samu aiki a Bologna, har ya yi booking na tikitin komawa. Ya ce a can ya ga yadda ake riƙe mutum kamar ɗa, kuma ba ya jin zamansa a gidan nan yana da amfani ga kowa.

Malam Almu ya buɗe idanu. Ya ciro ƙafafunsa daga ruwan ɗaya bayan ɗaya, duk sun kumbura.

"Allah ya sa hakan ne mafi alheri," ya ce. Ya dafa hannun kujera ya miƙe, ya nufi ɗaki yana ɗingishi, ya turo ƙofa a hankali.

Hajiya Luba tana tsaye a bakin kicin, ta ji komai. Affan ya juya wurinta, ya ɗaga murya.

"Kin gani, Mama? Ko ya tambaye ni wa ya sauke ni. Mutanen Anti Kachollom sun fi shi sanina. Shi yana nan zaune yana hutu."

Ta dube shi, ta dubi robar ruwan.

"Kachollom ba ta san kowa a Italiya ba, Abba. Babanka ne ya nemo mutanen nan. Kuma ka rage murya, jiya ya sauka daga Napoli. Kowane gari jirgin da ke gaban naka ya hau, ya bi su gida-gida da hotonka, domin ya ce ba a ba da amanar ɗa ta waya."