Ja Uku a Igiya

Zauna in ba ka misali, tunda ka ce sai abu ya faru za ku san abin yi.

An yi wasu aminai biyu a bakin wani dam, ɗaya mai nutso, ɗaya mai riƙe masa igiya daga cikin kwalekwale. Mai nutson yakan goya tulun iska ya sauka can ƙasa ya ɗauro injin jirgin da ya nutse. Maganarsu a igiya take: ja ɗaya lafiya lau, ja uku fito da ni. Shekara goma sha bakwai ba a taɓa ja uku ba, har mai igiya ya saba riƙe ta da hannu ɗaya yana ɓare goro. Rannan da hantsi sai ya ji ta a tafinsa, ɗaya, biyu, uku, sannan shiru. Kumfar da ke tasowa ta ɗauke. Ya sani sarai wanda ya yi nisa a ƙasa a hankali ake hawo da shi, ana tsayawa, amma tsoro bai bar shi ba. Ya yi ta fizga kamar mai jan guga.

Aka fito da mai nutson da sauran numfashi, jini a hanci, ido a kafe. Nan fa aka rasa na gaba. Wannan ya ce a kife shi ya amayar da ruwa, wancan ya ce a nemo sarkin ruwa. Mai motar da kan kawo su ya tafi kasuwa, don ba wanda ya gaya masa yau da nutso. Kowa da waya a hannu, kowa na zaton wani ya kira likita. Da ƙyar aka samu a-kori-kura aka kai shi ɗakin shan magani, aka tarar ba su da iskar da ake sa wa mutum a hanci. Babban asibiti kuwa ba a sanar da su ba, balle su shirya. A hanyar zuwa can ya cika, kansa a cinyar amininsa. Matar mai nutson ba ta yi kururuwa ba. Ta dubi mai igiya ta ce, "Yaya, kai ka riƙe igiyar ruwa. Ta tudu wa kuka ba?" Bawan Allah har ya tsufa, ko igiyar rijiya ya kama sai ya sake ta.

To ka ji, ɗan nan. Ba a fafe gora ranar tafiya.