Ni Ne Na Ɗauke Wutar?

Wata la'asar a layinmu na Gwarinpa, na buga ƙwallo ya daki falwaya, nan take wutar unguwa ta ɗauke. Maman Bose, maƙwabciyarmu mai sayar da kifin kasuwar Kado, ta fito tana nuna ni, wai idan kifin firizarta ya lalace ni ne sanadi.

Na ruga gida da kuka. Baba ya dawo daga ofis ke nan, yana cire safa a bakin ƙofa.

"Baba, ni ne na ɗauke wutar?"

"Me ka gani?"

"Ƙwallo ya daki falwaya, sai wuta ta ɗauke."

"Abu biyu ka gani, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya haɗa su fa, ka gan shi?"

"A'a."

"To, ni ma ban gani ba."

Ya ci gaba da cire safarsa.

Yau na san gaskiya ya faɗa, amma haushin bai bar ni ba. Yaro ne a gabansa yana kuka. Me zai ragu a iliminsa da ya ce, "Ba kai ba ne"?