Zoben da Ya Sha Wuta

Zobe na arba'in ma ya ɗau zafi. Injiniya ya zare shi daga na'urar gwaji, ya yarfe yatsa, ya wurga shi cikin bokiti kan 'yan uwansa.

Da garin ferayit, wani sinadarin ƙarfe, ake yin zobban, baƙi wuluk, ya fi kwalli laushi. A matse shi, a gasa a tanderun lantarki, a naɗa masa waya, a sa cikin cajar kwamfuta. Sharaɗin ɗaya ne: ƙwayoyin cikinsa su zauna ƙanana. In suka kumbura, lantarki mai saurin kai-komo zai dafa zoben. Mai kamfani kuwa ya yanke magana: ran Litinin, ko zobe mai sanyi, ko a rufe ɗakin gwajin kowa ya kama gabansa.

Abin takaicin, ya taɓa dacewa. Sau bakwai a jere ya gasa, watan jiya, zobba sanyi ƙalau. Yakan loda tanderu da safe, ya saita awa shida, ya tafi taro, ya dawo da yamma ya tarar ya mutu ya huce. Don murna har ya tsaurara tsaro. Ranar da ya ga an ja kujerarsa zuwa jikin bango, ƙarƙashin makunnin wuta, ya karɓe makullin ɗakin daga hannun tsohuwa mai shara.

Ga shi yanzu, gari ɗaya, tanderu ɗaya, awa shidan nan dai, amma kamar an yi masa baki. Ya canja sikeli. Ya zagi mai kawo gari. Ya kira malaminsa na jami'a, malamin ya ce masa ya ƙara karatu.

Ran Juma'a ya fito da bokitin bakin ƙofa. Tsohuwar ta ɗauki zobe ɗaya, ta ƙwanƙwasa da farce, ta kai kunne.

"Ɗan nan, wannan ya sha wuta."

"Inna, don Allah ki ji da tsintsiyarki. Nan aikin ilimi ne."

"To, Allah ya ba ilimi sa'a."

Ta mayar da zoben, ta ja tsintsiya ta wuce. Shekara talatin ta yi tana gashin tukwane kafin roba ta kashe kasuwar, ta san launin wutar da ta wuce kima. Tun da injiniya ya karɓe mata makullin kuwa, babu mai hawa kujerar nan ya kashe tanderu a awa huɗu.