Kaset ɗin Bozena

Jagoda ta zare kaset ɗin daga na'ura tun kafin ɗan cacan da ke cikin fim ya gama durƙusawa.

"Mama, ya isa haka. Wannan sharar ba za ta bi mu Warsaw ba."

Bozena ba ta ɗago daga dankalin da take ferewa a tsakiyar kwalayen ƙaura ba. Dama idan fim ɗin yana yi, baya take ba talabijin.

Tsohon fim ne na Amurka, baƙi da fari, kuma Jagoda ta tsane shi tun kafin ta shiga jami'a karatun lauya. Magidanci ya saka gidan matarsa a karta, aka cinye, ya dawo da hula a hannu, matar ta yafe, goge ya ɗauka. Fassarar ma abin takaici ce, irin ta da: namiji ɗaya yana karanta maganar kowa, maza da mata, da murya kamar ta mai sanar da tashin jirgin ƙasa.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne mai kallon. Caca ce ta raba su da gidansu na Radom. Ubanta Ryszard, wanda ya yi cacar, ya gudu tana jaririya, ya mutu can inda ya mutu. Bozena ta ƙone hotunansa, ta hana a ambaci sunansa, balle sana'arsa. Amma ga ta kowace Lahadi tana maido da wurin durƙuson nan baya.

"Ke aka zalunta, kuma ke ce mai tafa musu? In dole sai kin gani, na samo miki sabo garau, da fassara a rubuce a ƙasa."

"Riƙe sabonki, Lauya. Ajiye mini nawa."

"Don ki ci gaba da koyon yafe wa azzalumi?"

"Na ce ajiye, Jagoda."

Jagoda ta ɓalle murfin kaset, ta damƙi zaren ta yi ta ja har ya taru a ƙafarta. Ta naɗe shi a hannu, ta tsittsinka.

Bozena ta ajiye wuƙar. Ta daɗe tana duban baƙin tarin da ke ƙasa.

"Ban taɓa yafe masa ba," in ji ta. "Amma ubanki ne ya karanta fassarar, kuma nan kaɗai na taɓa jin ya nemi gafara."