Ranar da Eloy Ya Ƙi Yin Murna

Ƙwallo na faɗawa raga, Eloy Quiroga ya tsaya cak. Ƙungiyar garinsu ya zura wa, wadda ta raine shi tun yana yaro. Ko tsalle bai yi ba. Ya riƙe ƙugu, ya sunkuyar da kai, ya koma tsakiyar fili a hankali.

Fili ya ɗauki tafi, har da masu zaginsa ɗazu. Jaridu suka ce ɗan halak ne. Kocin ƙasarsu Sifaniya ma ya gayyace shi tawagar ƙasa karon farko, wai irinsu ƙasa take nema.

Ran Lahadi ya je gida cin abinci. Babansa, wanda ya daina yi masa magana tun da ya sauya ƙungiya, ya rungume shi yana hawaye.

A kicin mahaifiyarsa ta dube shi ta gefen ido.

"Zariyar wandon ce ta tsinke, ko?"

"Mama! Ki rufa min asiri!"

"Na rufa. Amma ranar wasan Sifaniya ka ɗaure da kyau. Can ba ka da hujjar ƙin tsalle."